Tokar Kawu Habu

Kwanakin baya wani yaro ya tare ni a kan gadar kanal, wandonsa na zamewa yana ja, ya ce wai in ɗauke shi aiki, shi ma ya iya balan-balan. Na dube shi daga sama har ƙasa. Na ce, "Da me za ka hura?"

Ya ce, "Da baki mana, Yaya Nafi'u."

Na ce ya je ya huro ɗaya ya saki, in ta tashi sama ni zan koma yaronsa. Ya huro, ya saki, ta faɗo gabansa, ta mirgina ta faɗa kanal, ruwa ya tafi da ita Bunkure. To saboda shi da ire-irensa na zauna nake wannan bayani. Kuna ganinmu ranar Sallah, jajaye da koraye suna rawa a saman kanmu, kuna cewa wannan ai ba sana'a ba ce, wasa ne ake biyan mutum. Ni ban kai shekara ashirin ba, amma da a ce wahala ce ke kawo furfura, da yanzu ana matsa min a sahun gaba a masallaci.

Sana'ar ta Kawu Habu ce, ƙanin mahaifiyata. A birni ya koyo ta, ya dawo da ita ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, inda kowa manomin rani ne, har jariri in ya yi kuka tumatir yake nema. Balan-balan ɗinmu ba da numfashi ake cika ta ba. Wata iska ce mara nauyi da muke haɗawa da kanmu a cikin tukunyar ƙarfe, ita ce take ɗaga ta sama. Shi ya sa kakata Hajja take kiranmu masu sayar da iska. Yaran gari kuwa suka gajarta sunan, kun dai san yadda suka gajarta shi. Duk wanda ya faɗa a gabana, mai ɓula nake zaɓo masa.

Aikin farko da Kawu ya ba ni gwangwani ne. Ba taɓa tukunya, ba ƙulla zare. Buhu ya rataya min, ya ce in bi gari in tsinto gwangwanayen lemo, na alminiyam kawai, waɗanda suke lotsewa in ka matsa. Na bi gidajen biki, na bi tasha, na bi bayan shagunan masu firji har Garun Mallam. Karnukan hanyar duk sun san ni, suna hango ni sai su matsa su ba ni wuri a bola. In na kawo in wanke, in tattaka su baje, in yayyanka da almakashin ƙarfe. Babu yatsana da bai sha yanka ba. In gwangwani ya yi wuya sai mu tafi wajen 'yan jari-bola a Kura, mu yi ta ja-in-ja da masu ƙera tukwane, don su ma shi suke nema. Wani lokaci masu haɗa tagogi su tara mana ɓarɓashi, ranar nan Kawu har waƙa yake yi a kan mashin.

Sai soda, irin wadda mata suke yin sabulu da ita. Daga Kano Kawu yake sayo ta, leda cikin leda cikin buhu, don in ta ji danshi sai ta cinye rigar mutum ta shiga neman fatarsa. Ruwa kuma daga kanal, ni ne jakin da yake ɗebowa. Balan-balan ɗin kanta da zare daga kasuwa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yanke, sauran duk tarkace ne. Akwai Sallar da soda ta yi ɓatan dabo a kasuwa, muka zauna da buhunan gwangwani muna kallon juna kamar masu zaman makoki, yara suna leƙo mu suna komawa.

Tukunyar kuwa sunanta Gwaggo. Ni na raɗa mata, saboda gajera ce mai kauri, kuma ba a san abin da zai ɓata mata rai ba. In aka ba ta abincinta aka rufe bakin, sai ta fara gunaguni daga ciki, jikinta ya ɗau zafi har ka iya gasa masara a kai. Aikina a lokacin shi ne jiƙa tsofaffin buhuna ina lulluɓa mata, ina lallashi. Kawu yana tsugune a gefe, kunnensa a kanta, hannunsa a kan famfon. Da sautin gunagunin yake sanin ko ta isa a ɗora tiyo, ko a ja da baya a bar ta ta huce. Yadda ake haɗa abincin nata ba zan rubuta ba, don na san halinku, gobe sai a ji rufin ɗakin wani ya sauka a Kadawa.

Ba wasa nake ba, iskar nan wuta ce da ba a kunna ba. Kawu ba ya haɗawa a ɗaki, ba ya haɗawa kusa da murhu, kuma yaro ba ya matsowa ko ɗan hakimi ne. Wannan ba daga littafi ya koyo ba. Wani biki muka je Bunkure, yana riƙe da tarin balan-balan a hannu, sai ga wani abokin ango, ya sha shadda, taba a bakinsa, ya matso yana cewa, "Malam, nawa-nawa ne?" Ban ji amsar ba. Abin da na ji shi ne ƙara, na ga haske, na ga makaɗa sun watsar da kalangu sun haura katanga. Da hayaƙi ya lafa, ga Kawu tsaye da zare kawai a hannu, babu gira ko ɗaya a fuskarsa. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwon kirki. Amma an daɗe in ka dubi Kawu sai ka ga kamar yanzu aka gaya masa wani labarin mamaki. Girar hagun har yau ba ta gama dawowa ba. Tun daga ranar, mai taba, mai shayi da mai tsire, daga nesa muke gaisawa. Uwa in ta saya wa ɗanta, sai na ce mata, "Inna, ban da kicin." Wasu su harare ni, ni dai na faɗa.

Masu sayenmu kala-kala ne. Akwai yaron da zai saki tasa da gangan don ya ga inda za ta kai, sannan ya kwanta a ƙasa yana birgima, wai in hau in ɗauko masa. Shi ya sa nake ƙulla zaren a wuyan hannu, ƙullin da ko uban yaron sai ya nemi reza. Akwai uwar da za ta sa ka sauko da ja, ta ce kore, ka sauko da kore, ta ce ashe jan ya fi. Akwai wata tsohuwa da ta riƙe ni a wajen saukar karatu, ta tambaye ni tsakani da Allah ko in an saki tana kaiwa Makka. Na ce mata ya danganta da inda iska ta dosa. Ta sayi biyu. Kasuwarmu tana bin tumatir ne. In kwanduna suka jeru a bakin titi, manyan motoci suna lodi, to kowane uba hannunsa a buɗe yake, mu ma mu ji a jikinmu.

Yanzu ku buɗe kunne, ga inda sana'ar take. In Gwaggo ta gama ba da iska aka buɗe ta, akwai abin da yake saura a cikinta, wani kwaɓi mai kauri. In ya bushe sai ya koma gari, launinsa da laushinsa sak abin da ake kwashewa a murhu. Maigidan Kawu na birni toka yake kiransa, Kawu ya taho da sunan, ni ma na tashi ina cewa toka. Amma sauran soda ce a ciki, in ta haɗu da ruwa ta taɓa fata, ci take yi. A birni, in ji Kawu, kwata suke zubawa. A nan kuwa ya ce haram, ba za ta shiga kanal ba, ruwan da mutane suke wanka, dabbobi suke sha, gonakin gari guda suke jira. Sai muka riƙa shanya ta a bayan katangar gidan Hajja, inda muke aiki, in ta bushe mu ɗura a tsofaffin buhunan taki mu jingine. Kullum Kawu yana cewa zai nemi inda zai kai ta. Buhuna suka yi ta haihuwa.

Sai shekarar tsutsa ta zo. Manyanku za su tuna. Wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ce take shiga cikin ganyen tumatir, gonar da ka bari kore shar ka dawo ka tarar kamar an bi ta da wuta. An yi feshi har mutane suka fi tsutsar jigata. Kwanduna suka zauna babu abin zubawa. Mu kuwa wa zai sayi iska alhali tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba? Mu cika kaɗan mu zagaya gari, mu dawo da su sun yi yaushi kamar kumatun Hajja.

A cikin wannan hali aka fara yaɗa cewa tokar murhu tana korar tsutsar, in an barbaɗa wa iri tun yana wajen reno. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, toka ta yi daraja. Aka share murhun kowane gida tas. Hajja ta ce ita tsoro take ji kar wata rana a kwashe har da garwashin, tuwonta yana kai. Kuma kun san al'adarmu, tokar da aka fitar bayan katanga ba ta da mai ita. Ba a sallama a kanta, ba a godiya. Wanda ya gani ya ɗiba.

Maƙwabcinmu Malam Sale dattijo ne, shi ne shugaban ƙungiyar masu ruwa ta ɓangarenmu, shi yake raba wa kowa ranar da zai buɗe ruwa a gonarsa. Mutum ne da ko agwagwa ba ta shiga kanal ba da izininsa ba. Tsutsa ta cinye masa shukar farko, ya tattara abin da ya rage ya sayi iri, ya yi sabon reno, ya fito gwanin sha'awa. Shi ke nan abin da ya rage masa a shekarar. Wata safiya ina makaranta, ya biyo ta bayan gidan Hajja da baro, ya ga buhuna a jingine. Duk da al'ada ba ta ce ya tambaya ba, ya ɗaga murya ta saman katanga.

"Habu, wannan ta bayan katangar mece ce?"

Kawu yana tsugune yana fama da bakin Gwaggo, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Toka ce, Malam."

Malam Sale ya ce, "Madalla."

Da la'asar ina wanke gwangwani muka ji salati daga bakin hanya. Sai ga Malam Sale, hula a karkace, hannuwansa biyu naɗe da tsumma, ya ɗaga su sama kamar mai shirin kabbara. Mutane na biye da shi.

"Habu! Fito ka gaya min da itacen wace jahannama kuke girki a gidan nan!"

Ashe buhunan ya ɗiba, da hannu ya barbaɗa ta a renonsa fangali-fangali, sannan ya bi da ruwa. Kafin azahar irin ya kwanta kamar an dafa shi, tafukansa suka saluɓe. Kawu ya leƙa bayan katanga ya ga gurbin buhuna, ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Bai yi gardama ba. Ya tashi ya kwance tsumman, ya sa ni na yi ta kwarara ruwa a hannuwan, sannan ya ɗora dattijon a mashin sai asibitin Kura.

Kafin su dawo gari ya ɗauka. Wasu suka ce guba muke dafawa. Wasu suka ce da ma iskar da take ɗaga abu sama ba ta Allah da Annabi ba ce. Masu hankali kuma suka faɗi abin da ya fi ciwo, suka ce yau gonar mutum ɗaya ce, ranar da ruwan sama ya wanke buhunan nan zuwa kanal fa? Mai unguwa ya aiko aka ɗauke Gwaggo, ya ce za a zauna bayan sallar Juma'a a yanke ko za ta ci gaba da zama a garin. Da farko a zaurensa ya sa aka ajiye ta. Da aka ba shi labarin girar Kawu, ya sa aka mayar da ita gindin kukar bayan gari, aka ɗaure da igiya kamar za ta gudu.

In aka kore ta, Kawu birni zai koma, don ko fangali ɗaya ba shi da shi. Ni kuma in koma korar tsuntsaye a gonar wani.

Washegari Kawu ya tashe ni, ya miƙo min shebur. Muka nufi lambun Malam Sale ba wanda ya kira mu. Malamar gona ta yankinmu, Malama Binta, ta riga mu zuwa, tana tsugune tana duba ƙasar. Ita ta nuna mana iya zurfin da za mu kwashe, ta ce mu kai ta nesa da ruwa, mu kawo sabuwa. Muka kwashe, muka turo baro, muka kwashe, muka turo. Bayana ya lanƙwashe har Hajja ta ce in na gama za ta ara min sandarta. Malam Sale yana zaune a inuwar mangwaro, hannuwa a naɗe a kan cinya. In mun gaishe shi ya amsa wa mangwaron.

Abin da ba zan manta ba, manoman da suke ta zaginmu a bakin masallaci, su ne suka riƙa zuwa da dashe. Shekara ce da kowa yake kuka, amma wannan ya tsugo ɗan damƙi daga renonsa, wancan ya kawo nasa a cikin jiƙaƙƙen buhu. Ba don mu suka yi ba, don Malam Sale suka yi. Amma mu muka dasa, tunda shi ba hannu. Kafin Juma'a fangalin ya yi kore, kore na aro, kowane layi da irin tsayinsa.

Ranar zama ƙofar mai unguwa ta cika har kan katanga. Aka gurfanar da Gwaggo a tsakiya, kowa ya ba ta fili. Mai unguwa ya ce Malama Binta ta fara gaya wa jama'a ko wace irin iska ce wannan, ta mutane ce ko ta aljanu.

Ta yi dariya ta ce, "Ranka ya daɗe, ta mutane ce. Sunanta haidirojin. Takin yuriya da kuke rububi, da ita ake haɗa shi a masana'anta."

Wani daga baya ya ce, "To Habu ya daina balan-balan ya yi mana taki mana!" Aka kwashe da dariya.

Ta ce yanzu haka manyan ƙasashe suna ta gina masana'antun wannan iska, suna so ta maye gurbin man fetur a wasu ayyuka, har da masu fitar da ita daga ruwa da wutar sola. Na ji kaina ya ƙara girma, na gyara tsayuwa, ashe ni da manyan ƙasashe sana'armu ɗaya. Ta ce amma ko a can, mutanen gari ba sa yarda a kafa sai sun ji daga ina za a ɗebi ruwa, kar a ƙwace na manoma. Sai sun ji ina dattin zai tafi. Kuma in abu ya taɓa wani, ƙofar wa za a buga.

Mai unguwa ya shafa gemu ya ce, "Ashe ba mu muka fara ba. To Habu, ruwa mun sani, jarka ce yaron nan yake ɗiba, ba ta kai abin da saniyata take sha ba. Ƙofa ma mun san taka. Saura ɗaya. Ina za ka kai dattin?"

Na zuba wa Kawu ido ina jira ya kawo wata dabara. Ni da ni ne, da na ce akwai wani kamfani a Legas da yake saye. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Da na sani da ban tara ba."

Wuri ya ɗau hayaniya. Wani ya ce shi ke nan ya yanke wa kansa hukunci, a ɗora masa tukunyarsa a mashin. Mai unguwa ya buɗe baki zai yi magana, sai Malam Sale ya ɗaga naɗaɗɗen hannunsa. Aka yi tsit, don duk wanda yake wajen ranar ruwansa tana hannun mutumin nan.

Ya ce, "Ni aka ƙona, ku bar ni in yi magana. Na tambayi Habu, ya ce min toka. A yarensu bai yi ƙarya ba. Ni kuma na ɗiba ban yi godiya ba, a namu yaren ban yi sata ba. Sunan ne ya ci amanarmu mu duka."

Ya juya wajen Kawu. "Na zauna ina kallonku kuna kwashe ƙasa. Ban yi muku magana ba don in na buɗe baki zagi ne zai fito, ga shi kuna min aiki. Buhunan nan da yawa, Habu. Kanal yana bayan gidanku, taku kaɗan. Da ka zuba a ciki da ba wanda ya sani, sai dai mu ga tumatir yana mutuwa mu ce tsutsa ce. Ba ka zuba ba. Wauta ka yi, ba mugunta ba."

Sannan ya ce yana da wani fako a kan tudu, bayan maƙabarta, nesa da kanal, nesa da rijiya, wurin da ko ƙaya sai ta yi shawara kafin ta fito. A mayar da Gwaggo can. A haƙa rami a shafe shi da siminti, a yi masa murfi, dattin ya riƙa shiga nan. Malama Binta ta ce za ta zo ta duba ramin kafin a fara zubawa. Malam Sale ya ce bayan ita kuma shi ne zai riƙa zuwa dubawa da kansa, ba sanarwa, ranar da ya ga ko cokali ɗaya a waje, da ƙafarsa zai mirgina tukunyar har titin Zariya.

"Sharaɗi na ƙarshe," in ji shi, "daga yau kar in sake jin wani ya kira abin nan toka."

Mai unguwa ya ce, "To me za a kira shi?"

Aka shiga kawo suna. Wani ya ce guba, wani ya ce kashin Gwaggo, aka ce masa ya ji tsoron Allah akwai gwaggonni a wajen. Malam Sale ya sake ɗaga hannuwansa biyu, ya juya su kowa ya gani. Ya ce, "Ga sunan nan a rubuce. Ci-hannu."

Haka aka tashi. Aka yi fatiha, ni da Kawu muka kwance Gwaggo muka tura ta a baro zuwa tudu, yara na binmu daga nesa suna waƙar ci-hannu. Kafin magariba babu gidan da sunan bai shiga ba, wanda shi ne abin da dattijon yake so.

Haƙa ramin nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Fako ne, in ka sara da diga sai ta dawo ta gaishe ka a goshi. Amma mun haƙa, wani magini ya shafe mana ya ce mu bar kuɗin, ladan Juma'a ya ishe shi, muka kwaso tsofaffin buhunan nan kaf muka juye. Yanzu da safar hannu ta roba nake kwashe ci-hannu, kuma buhun taki ko kyauta aka ba mu ba ma zuba komai a ciki. Tumatirin aro na Malam Sale ya yi, ba yabo ba fallasa, ya dai fitar da shi shekarar. Da damina ma ya sa muka ɗaura masa balan-balan a saman shinkafa don korar jan-baki. Tsuntsayen suka ji tsoro na ɗan lokaci, daga baya na ga ɗaya a kan zaren yana lilo. Mu muka bi gonar muka tsince fasassun, kar awaki su haɗiya, wannan ma yana cikin dokokinsa.

Har yau yana zuwa. Sai dai ka ji ƙarar sanda a kan murfin rami, ka waiwaya ka gan shi yana leƙawa, yana zagayawa, yana duba ƙasa kamar wanda allurarsa ta faɗi. In ya gama ya ce, "Habu, akwai toka?"

Kawu ya ce, "Sai dai a murhun Hajja, Malam."

Ya gyaɗa kai ya tafi. Tafukansa sun warke, sai ɗan tabo. Duk Sallah jikokinsa ne suke fara zaɓa, kuma ban taɓa ba su mai ɓula ba. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, shi da Malama Binta, da duk wanda ya tsugo dashe daga renonsa a shekarar da ba shi da na bayarwa. Kawu kuma Allah ya cika masa girarsa ta hagu.

Shi kuwa yaron nan na kan gada bai haƙura ba. Jiya da hantsi sai ga shi a tudu, ya sa igiya ya ɗaure wandon, wai ya zo fara aiki. Idonsa na kan Gwaggo da jerin balan-balan. Na kama kafaɗarsa na juya shi, na kai shi bakin rami, na ɗaga murfin.

Na ce, "Mece ce wannan?"

Ya leƙa, ya taɓe baki. Ya ce, "Toka ce mana."

Na ce, "Madalla. Sa hannuwanka biyu a aljihu, ka nemi wuri ka zauna. Yau za ka fara karatu."